Jigoro Kano, ɗan tsurut ɗin da ya ƙirƙiro judo

Sunansa Kano, amma ba shi da haɗi da Kanon Dabo da ƴan Matamaye ke zuwa fatauci ta Ɗan Barto. Mutumin Japan ne, an haife shi ranar 28 ga Oktoban 1860 a Mikage, kusa da Kobe.

Yana yaro siriri ne ƙwarai, manyan yara na cin zalinsa a makaranta. Wannan ya sa ya ƙudura sai ya koyi jujutsu, faɗan hannu na mayaƙan samurai. Amma a lokacin an rushe sarautar samurai, sana'ar ta zama abin raini, gwanayenta da yawa sun koma ɗorin karaya don neman na tuwo. Saboda haka wurin masu ɗori ya dinga bi yana cigiya, har a 1877 ya dace da Fukuda Hachinosuke a Tokyo. Fukuda ba mai yawan bayani ba ne: ya kayar da ɗalibi, ya sake kayar da shi, har jiki ya gane. Da ya rasu a 1879, iyalinsa suka damƙa wa Kano takardun sirrin gidan. Ya ci gaba da koyo wurin Iso Masatomo, sannan Iikubo Tsunetoshi, gwanin kayarwa.

Abin da ya gano, duk ɗan kokowa ya san shi: ba a ɗaga ƙato yana tsaye daram, sai an fara gusar da shi daga kan ƙafafunsa. A 1882 ya buɗe Kodokan a ɗakin ibada na Eishoji, kan tabarmi 12 kacal. Ya fitar da dabarun da ke karya ƙashi ko makantar da mutum daga karawar yau da kullum, don ɗalibai su gwabza da iyakar ƙarfinsu, gobe kuma su dawo lafiya. Nan ne gwanintarsa take, fiye da kowace kayarwa da ya taɓa yi.

Malamin makaranta ne har tsufansa. A 1909 ya zama ɗan Asiya na farko a kwamitin Olamfik na duniya. Ya rasu ranar 4 ga Mayun 1938 cikin jirgin ruwa, kan hanyar komawa gida bayan taron kwamitin a Alƙahira. Judo bai shiga Olamfik ba sai 1964, a Tokyo.