Henrietta Leavitt: Matar da ta auna hasken taurari, ta samar da ma'aunin nisan sararin samaniya

A yau idan masanin taurari ya ɗauki hoton sama da na'urar hangen nesa, manhajar kwamfuta ce ke karɓar hoton, ta tace shi, ta auna hasken kowane tauraro, sannan ta gwada shi da na taurarin da aka riga aka tantance. Sama da shekara 100 da suka wuce, mutane ne ke wannan aiki da ido da fensir, kuma su ake kira kwamfuta, kalmar da asalin ma'anarta a Turanci ita ce mai lissafi. Ɗaya daga cikinsu ita ce Henrietta Swan Leavitt.

An haife ta ranar 4 ga watan Yulin 1868 a garin Lancaster da ke jihar Massachusetts ta Amurka. Mahaifinta limamin coci ne. Ta yi karatu a Kwalejin Oberlin, daga nan ta koma makarantar mata da daga baya aka sa wa suna Radcliffe, inda ta kammala a 1892. Sai a shekararta ta ƙarshe ta ɗauki darasin ilimin taurari. Bayan karatun ta yi fama da rashin lafiya, jinta kuma ya riƙa raguwa har ta kurumce.

Ɗakin mata masu lissafi

Ta fara aikin sa-kai a Cibiyar Nazarin Taurari ta Harvard, ƙarƙashin shugabanta Edward Pickering, wanda ya ɗauki mata da dama aiki domin nazarin hotunan sama. Maza ne ke sarrafa na'urorin hangen nesa da dare, mata kuma su wuni a kan hotunan da lissafi. Bayan 'yan shekaru da ta yi ba ta cibiyar, ta dawo a farkon shekarun 1900 a matsayin ma'aikaciya, ana biyanta santi 30 na dala a kowace sa'a.

Hotunan a kan farantan gilashi ake ɗaukar su, taurari suna fitowa kamar baƙaƙen ɗigo. Gwargwadon hasken tauraro, gwargwadon girman ɗigonsa. Aikin Leavitt shi ne ta mayar da girman ɗigo zuwa adadi.

Tun zamanin Girkawa ake kasa taurari daraja shida, mafiya haske a daraja ta ɗaya, waɗanda ido ke gani da ƙyar a ta shida. A wajajen shekarar 964, masanin nan na Farisa Abdurrahman al-Sufi ya sake bin wannan ƙiyasi da idonsa ya yi masa gyare-gyare. A 1856 Norman Pogson na Ingila ya ɗora tsarin a kan lissafi: tazarar daraja biyar na nufin ninki 100 na haske.

Sai dai hoto ya zo da tasa matsalar. Farantin gilashi ya fi kama haske mai shuɗi-shuɗi, saboda haka jan tauraro kan fito a dusashe. Girman na'ura, da tsawon lokacin ɗaukar hoto, da yanayin iska, duk suna sauya girman ɗigo. Tauraro ɗaya zai iya samun daraja biyu daban a cibiyoyi biyu. Kamar kasuwa ce da kowane mai awo ya zo da irin mudunsa.

Pickering ya ɗora wa Leavitt alhakin samar da mudu guda. Ta zaɓi jerin taurarin da ke kusa da tauraron arewa, ta yi amfani da faranti 299 daga na'urori 13, tana gwada wannan da wancan tana cire kuskuren kowace na'ura, har ta tantance haske daga daraja ta 4 zuwa ta 21. A 1913 wani kwamitin ƙasa-da-ƙasa ya amince da ma'aunin nata, cibiyoyi kuma suka daɗe suna dogaro da shi.

Taurari masu numfashi

Akwai taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. Domin gano su, Leavitt kan ɗora farantin wani dare a kan na wani daren ta duba ɗigon da ya sauya. A tsawon rayuwarta ta gano irin waɗannan taurari kimanin 2,400, kusan rabin duk waɗanda aka sani a lokacin.

Mafi yawansu ta same su ne a hotunan da ake aikowa daga tashar Harvard da ke Arequipa a ƙasar Peru, na wasu tarin taurari biyu da ake kira Gizagizan Magellan, waɗanda aka fi gani a kudancin duniya. A 1908 ta wallafa jerin taurari 1,777 daga cikinsu. A nan ta lura cewa waɗanda suka fi haske sun fi jinkiri kafin su kammala zagaye ɗaya na ƙaruwa da raguwa. A 1912 ta tabbatar da haka da taurari 25 na ƙaramin gajimaren, a wata takarda da ta fito da sa hannun Pickering, ko da yake ya ambata cewa ita ta shirya ta.

Muhimmancin wannan yana cikin wata tsohuwar matsala. Matafiyin da ya hango haske cikin dare ba zai iya cewa aci-balbal ce a kusa ko babbar wuta ce a nesa ba. Haka taurari suke. Leavitt ta yi la'akari da cewa taurarin gajimare ɗaya kusan nisansu ɗaya ne daga duniya, don haka bambancin haskensu na gaske ne. Ke nan wanda ya ƙirga kwanakin zagayen irin wannan tauraro, da ake kira Sefid, zai san ainihin ƙarfin haskensa, idan kuma ya gwada da abin da yake gani, zai lissafa nisansa.

Abin da ya rage shi ne sanin nisan wasu Sefid na kusa domin ɗaure ma'aunin. Ejnar Hertzsprung ɗan Denmak ya fara wannan a 1913, Harlow Shapley kuma ya yi amfani da hanyar wajen ƙiyasta girman Milky Way, tarin taurarin da ranarmu ke ciki. Ita Leavitt ba a ba ta damar bin sawun abin da ta gano ba. Shugaban cibiya ne ke raba aiki, kuma awon haske ya fi so ta ci gaba da shi. Rashin lafiya da hidimar iyali ma sun sha katse mata aiki.

Bayan rasuwarta

A 1921 Shapley ya zama shugaban cibiyar, ya naɗa ta shugabar sashen awon hasken taurari. Ba ta daɗe a kujerar ba. Ciwon daji ya yi ajalinta ranar 12 ga Disamban wannan shekara, tana da shekara 53.

A watan Oktoban 1923, Edwin Hubble ya gano tauraron Sefid a cikin Andromeda, wani ɗan hazo a sama wanda al-Sufi ya bayyana tun ƙarni na 10 a matsayin ƙaramin gajimare. Da ƙa'idar Leavitt ya lissafa nisansa ya kai kimanin shekarun haske 900,000, abin da ya nuna cewa Andromeda tarin taurari ne mai zaman kansa a wajen Milky Way. Ƙiyasin yau ya kai kusan miliyan biyu da rabi. A 1929 Hubble ya jingina da wannan ma'auni wajen nuna cewa tarin taurari masu nisa sun fi saurin gudu daga gare mu, wato sararin samaniya faɗaɗa yake yi.

A 1925 masanin lissafi ɗan Suwidin, Gösta Mittag-Leffler, ya rubuto mata wasiƙa da niyyar gabatar da sunanta don lambar yabo ta Nobel, bai san ta rasu ba. Ba a gabatar da sunan mamaci don wannan lamba. Daga baya an sa wa wani rami a duniyar wata sunanta.

Farantan gilashin Harvard, kimanin 500,000, suna nan a ajiye. A 'yan shekarun nan an kwafe yawancinsu zuwa kwamfuta ƙarƙashin wani shiri mai suna DASCH, inda manhajoji ke sake auna ɗigon da matan suka auna da ido. Matakan ba su sauya ba: a samu taurarin gwaji, a cire kuskuren na'ura, sannan a yarda da adadi.