Tarihin Alexander Fleming, Likitan da Ya Gano Penisilin

Da aka ce kowa ya kawo tarihin wani shahararren mutum don mujallar bana, abokan karatuna sun karkata ga marubuta da mawaƙa. Ni kuwa wani likita na zaɓa, kuma ga dalili. Bara gwaggona ta shafe mako uku a wani asibiti a nan Abuja bayan an yi mata tiyata, ciwon yana ta fitar da mugunya, allurai sun ƙi ci. Da likita ya bincika, sai ya tarar shekara da shekaru ko mura ta kama ta, kafso take saye a kemis ta sha na kwana biyu ta ajiye. A bakin wannan likita na fara jin sunan Fleming.

An haifi Alexander Fleming ranar 6 ga Agusta, 1881, a wata gona kusa da garin Darvel a ƙasar Sikotlan. Yana ɗan shekara bakwai mahaifinsa ya rasu. Ya koma Landan wurin yayansa, ya yi shekara huɗu yana aikin akawu a kamfanin jiragen ruwa, sannan wani ɗan gado da ya samu ya ba shi damar shiga makarantar likitanci ta asibitin St Mary's. Ya gama a 1906, kuma a nan ya ƙare rayuwarsa ta aiki.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki a Boulogne ta Faransa. A can ya lura cewa magungunan wanke rauni, idan raunin mai zurfi ne, sun fi kashe ƙwayoyin jinin da ke kare jiki fiye da ƙwayoyin cutar.

A watan Satumba na 1928 ya dawo daga hutu, ya tarar fumfuna ta kama ɗaya daga cikin farantan da yake renon bakteriya a kai, kuma duk inda ta kewaye bakteriyar ta mutu. (Kalmar fumfuna sai da na tambayi wata 'yar ajinmu Bakatsiniya, don ni Hausar kasuwa na taso da ita.) Ya sa wa ruwan da take fitarwa suna penisilin, ya buga sakamakon a 1929, amma ya kasa tace shi ya zama magani. Wannan aiki Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu ne suka yi a Oxford. A 1941 suka gwada shi a kan wani ɗan sanda. Ya fara farfaɗowa, maganin ya ƙare, ya rasu. A ganina duniya ta cika yabon Fleming ta manta da waɗannan, duk da cewa su ukun suka raba kyautar Nobel a 1945.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne jawabinsa na karɓar kyautar. Maimakon ya tsaya ga murna, sai ya yi gargaɗi cewa lokaci na zuwa da kowa zai iya sayen penisilin a kanti, kuma wanda ya sha ƙasa da kima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Yadda abin yake, mai karatu, shi ne maganin yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai, su kuma su samu fili su hayayyafa a hanji ko a fata. Mutum yana yawo da su lafiya lau. Ranar da aka kwantar da shi, aka tsaga shi ko aka sa masa robar fitsari, sai su samu ƙofa, su kuma bi hannuwa da kayan aiki zuwa gadon maƙwabci. Yau an san ba ƙarancin kima kaɗai ba ne: shan maganin ba bisa buƙata ba, kamar don mura wadda ba bakteriya ke kawo ta ba, shi ma yana haddasa haka.

Yana raye ya ga tabbacin maganarsa. A asibitin Hammersmith na Landan, Dakta Mary Barber ta gano cewa a 1946 kashi 14 cikin ɗari na irin bakteriyar da ke kan farantin nan nasa ba sa jin penisilin. Zuwa 1948 sun kai kashi 59. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 irin waɗannan cututtuka sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce kan gaba. Nijeriya ta fitar da shirinta na farko na tunkarar matsalar a 2017.

Fleming ya rasu ranar 11 ga Maris, 1955, sakamakon bugun zuciya, aka ajiye tokarsa a majami'ar St Paul's da ke Landan. Gwaggona kuwa, sai da aka kai mugunyar ɗakin gwaji aka gano allurar da za ta ci, mai tsadar gaske, kafin aka sallame ta.