Frederick Hutt

Frederick Bruce Hutt (20 ga Agusta 1897 – 6 ga Satumba 1991) masanin ilimin gadon halitta ne ɗan asalin ƙasar Kanada, wanda ya yi mafi yawan aikinsa a Jami'ar Cornell da ke jihar New York a Amurka. An fi saninsa da bincike a kan kaji, da kuma ra'ayin da ya shafe shekaru yana karewa: cewa juriyar dabba ga cuta abu ne da ake gada daga iyaye, don haka mai kiwo zai iya ƙarfafa ta ta hanyar zaɓen waɗanda za su haihu. Binciken da aka yi daga baya a kan aladu yana cikin abubuwan da suka fi tabbatar da wannan ra'ayi.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Guelph na lardin Ontario. Ya kammala digirin farko a kwalejin aikin gona ta Ontario a 1923, ya yi digiri na biyu a Jami'ar Wisconsin a 1925, sannan ya samu digirin digirgir a Jami'ar Edinburgh a 1929. Ya koyar a Jami'ar Minnesota kafin ya koma Cornell a 1934 a matsayin shugaban sashen kiwon kaji. A nan ya zauna har ya yi ritaya a 1965.

A 1936 ya fitar da taswirar farko da ke nuna yadda wasu ƙwayoyin gado na kaza suke haɗe da juna a kan kuromosom. Littafinsa na 1949, Genetics of the Fowl, ya daɗe yana zama madogarar masu nazarin gadon kaji.

Gwajin kajin Cornell

A wancan zamani wata cuta mai sa ƙari a cikin jiki da shanyewar ƙafa tana yi wa gonakin kaji a Amurka mummunar ɓarna. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, kuma ba a ma gane cewa cututtuka biyu ne ake haɗawa da suna ɗaya ba. Sai a shekarun 1960 aka rarrabe su, aka gano ƙwayar bairos da ke kawo wadda ake kira cutar Marek.

Daga tsakiyar shekarun 1930 Hutt ya soma wani gwaji wanda shi da abokin aikinsa Randall Cole suka ci gaba da shi fiye da shekara talatin. Maimakon su killace kajin daga cutar, sai suka bar su suna girma a inda take. Kowace shekara suna lissafa zuriyar wane zakara da wace kaza ce ta fi tsira, su zaɓi iyaye na gaba daga cikinta. A gefe guda kuma suka riƙa zaɓen zuriyar da ta fi mutuwa, don su samu abin kwatance. Ta haka aka samu layuka biyu masu juriya, C da K, da layi ɗaya mai rauni, S. Duk farar kaza ce ta Leghorn, abinci ɗaya, fili ɗaya, amma mace-macen layin S ya ninka na sauran nesa ba kusa ba. Abin da ya fi jan hankalin manoma shi ne layukan masu juriya ba su rage yin ƙwai ba, domin ana zaɓen yawan ƙwai tare da juriyar.

Wannan hanya ba ta yi wa kowa daɗi ba. Aikin likitan dabbobi shi ne raba garke da ƙwayar cuta, shi kuwa Hutt yana ganin garken da bai taɓa haɗuwa da cuta ba, ba yadda za a san wanda ya fi juriya a cikinsa. Akwai gaskiya a ɓangarorin biyu: hanyarsa tana cin lokaci, tana kuma cin rayukan dabbobi da yawa kafin a ga amfani. Da allurar rigakafin Marek ta fito wajen 1970, kamfanonin kaji da dama sun juya ga allurar. Sai dai ƙwayar cutar ta riƙa ƙara ƙarfi daga baya, abin da ya sake dawo da maganar gado.

Ya kuma nuna cewa 'yan tsakin Leghorn sun fi na manyan jinsunan kaji jure cutar pullorum mai sa farin zawo, ya danganta hakan da saurin da suke yi wajen daidaita zafin jikinsu a kwanakin farko.

Littafin 1958 da batun aladu

A 1958 ya wallafa Genetic Resistance to Disease in Domestic Animals, inda ya faɗaɗa batun daga kaji zuwa sauran dabbobin gida. A lokacin hujjoji a kan aladu ba su da yawa. Mafi shahara shi ne gwajin da aka yi a Kalifoniya a farkon shekarun 1940 da aladun Berkshire: an sa musu ƙwayar burusela, mai sa dabba ɓari, aka ware waɗanda ba su kamu ba, aka haɗa su, sai mafi yawan 'ya'yansu su ma suka jure. An ga gado yana aiki, amma ba a san ta wace hanya ba.

Amsar ta fara bayyana Hutt yana raye. A 1970 masu bincike a Faransa suka bayyana rukunin ƙwayoyin gado na SLA a jikin alade, waɗanda ke taimaka wa garkuwar jiki ta bambance abin da yake nata da baƙon abu. A 1977 aka nuna cewa wani nau'i na irin wannan rukuni a kaza, B21, yana da hannu a juriyar cutar Marek, kuma da layukan da Cole ya samar a Cornell aka yi aikin. A 1975 kuwa, a Ingila, aka gano cewa bakteriyar E. coli nau'in K88, mai kashe jariran aladu da zawo, sai ta manne a bangon hanji kafin ta yi illa. Wasu aladu ba su da wurin mannewar. Idan ɗan alade ya gaji wannan rashi daga uwa da uba duka, ƙwayar takan wuce ba ta kama shi ba. A nan juriyar ba ƙarfin yaƙi da cuta ba ne, ƙofar shigarta ce babu.

Bayan rasuwarsa an bi wannan sawu. A ƙarshen shekarun 1990 aka danganta ƙwayar gado FUT1 da juriyar wani nau'in E. coli, F18, har aka samu gwajin da ke tantance uban garke ba tare da an sa masa cuta ba, wato an kauce wa babban aibin hanyar Hutt. A 2015 masu bincike a Jami'ar Missouri da abokan aikinsu suka sanar da aladun da aka kashe musu ƙwayar gado CD163, waɗanda ba su kamu da cutar PRRS mai taɓa numfashi da haihuwa ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya ci gaba da rubutu bayan barin kujerar koyarwa. Animal Genetics ya fito a 1964, dab da ritayarsa, sai Genetics for Dog Breeders a 1979, wanda ya rubuta wa masu kiwon karnuka. Ya rasu a 1991 yana da shekara 94.