Eric Liddell, Ɗan Tseren da Ya Ƙi Gudu a Ranar Ubangiji

An haifi Eric Liddell ranar 16 ga Janairu, 1902, a birnin Tiyanjin na ƙasar Sin, inda iyayensa, mutanen Sikotilan, suke aikin bishara. Yana ɗan shekara shida aka sa shi da wansa Robert a makarantar kwana ta 'ya'yan masu mishan a Ingila, iyayen kuwa suka koma bakin aikinsu. A Jami'ar Edinburgh, inda ya karanta kimiyya, baiwarsa ta gudu ta fito fili, har ya zama ba shi da na biyu a tseren mita 100 a dukan Birtaniya.

Da wasannin Olamfik na 1924 a Faris suka matso, kowa ya sa rai shi zai kawo wa ƙasar zinariya. Amma da jadawali ya fito, watanni kafin wasannin, sai ga shi an sa zagayen farko na mita 100 ranar Lahadi. Liddell ya fahimci umarnin da ke cikin Fitowa 20:8 a kan cewa ranar ta Ubangiji ce, don haka ya janye sunansa. Fim ɗin Chariots of Fire na 1981 ya nuna kamar a hanyar Faris ya sami labarin, amma ba haka aka yi ba. Gaskiyar ma ta fi nauyi, gama wata da watanni ya yi yana shan suka, ana cewa ya juya wa ƙasarsa baya, yana kuma da isasshen lokacin sake shawara. Bai sake ba.

Ya koma shirin mita 400, tseren da ba a sa masa rai a ciki ba. Ranar 11 ga Yuli, daga layin waje inda ba ya iya ganin abokan takararsa, ya kammala cikin daƙiƙa 47.6, ya ci zinariya. Kafin wannan ya riga ya ci tagulla a mita 200.

A nan yawancin masu ba da labarinsa sukan tsaya, kamar dai zinariyar ce ladan biyayya. Amma sa'ad da ya janye, ba wanda ya yi masa alkawarin kome, shekara ashirin da suka biyo baya kuma ba su zo da tafi ba. A 1925, sunansa yana bakin kowa, ya koma ƙasar Sin ya zama malamin makaranta a Tiyanjin. Aka naɗa shi fasto a 1932, ya auri Florence Mackenzie, 'yar Kanada, a 1934. Daga baya mishan ta tura shi ƙauyukan Shiyawocan, inda yaƙin Sin da Jafan ya ɗaiɗaita talakawa. Ya bar iyalinsa a birni, yana yawo a kan keke daga ƙauye zuwa ƙauye, wani lokaci ya ɗauko waɗanda aka ji wa rauni ya kai su asibitin mishan. Da abin ya yi tsanani a 1941, ya sallami matarsa, tana da juna biyu, da 'ya'yansu mata biyu zuwa Kanada, shi kuwa ya zauna.

A 1943 sojojin Jafan suka tsare shi tare da baƙi kusan dubu biyu a sansanin Weihsien. Waɗanda suka tsira sun shaida cewa kowace asuba, kafin sauran su farka, yakan kunna 'yar fitilar man gyaɗa ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi addu'a, ya nemi sanin abin da Allah yake so ya yi a wannan yini. Sa'an nan ya fita: ya ɗebo wa tsofaffi ruwa da gawayi, ya koya wa yara lissafi da kimiyya, ya shirya musu wasanni. Kawu Eric suke kiransa.

A wannan sansani aka yi wani abu da ya kamata a riƙa ba da labarinsa tare da na Faris. Matasa suka roƙe shi ya yi musu alƙalancin wasa ranar Lahadi, ya ƙi. Suka yi abinsu ba alƙali, wasan ya ƙare da dambe. Lahadi ta zagayo, sai ga Liddell a fili yana alƙalanci. Mutumin da ya ƙi gudu ranar Lahadi domin ɗaukakar kansa bai yarda ya bar yaran da ke tsare su ji wa juna ciwo ba. Ba sassauci ya yi ba. Littafin da ya koya masa kiyaye ranar shi ne ya nuna masa Yesu, cikin Matiyu 12, yana warkar da mai shanyayyen hannu ran Asabar.

Ƙari a ƙwaƙwalwa ya kwantar da shi. Ya rasu ranar 21 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 43, kimanin wata shida kafin a 'yantar da sansanin. Bai taɓa ganin 'yarsa ta uku, Maureen, ba. A 1991 Jami'ar Edinburgh ta kafa dutsen tunawa da shi a wurin, aka rubuta kalmomin Ishaya 40:31 a jikinsa.