Harold Edgerton, injiniyan da ya tsayar da harsashi a hoto

An haifi Harold Edgerton ranar 6 ga Afrilu 1903 a garin Fremont na jihar Nebraska, a Amurka. Ilimin lantarki ya karanta. A jami'ar MIT, inda ya koyar har tsufansa, yana binciken injuna masu juyawa da sauri ne ya lura cewa fitila mai walƙawa a kai a kai tana sa injin ya bayyana kamar a tsaye yake.

Sai ya kai dabarar ɗakin ɗaukar hoto. A kashe fitilu, a bar idon kyamara a buɗe, fitilar ta dinga walƙawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Kowace walƙiya tana ajiye siffa ɗaya, motsin gaba ɗaya ya jeru a hoto guda, kamar sawu a rairayi. Haka ya ɗauki ɗan wasan golf Bobby Jones yana kaɗa sandarsa. Shahararren hotonsa na harsashi yana huda tuffa, na 1964, kuwa da walƙiya ɗaya tak ya ɗauke shi.

Aikin bai tsaya ga ban sha'awa ba. Da manyan fitilunsa jiragen soja suka ɗauki hoton Normandiya cikin dare a 1944, kuma kamfaninsa ne ya ɗauki hotunan gwajin bom ɗin nukiliya, abin da ba a cika ambata ba in ana yabonsa.

Ya kuma yi aiki a teku tare da Bafaranshe Jacques Cousteau. Ya rasu ranar 4 ga Janairu 1990.