Johann Pestalozzi: Malamin da ya fara koyarwa da layi da kusurwa

An haifi Johann Heinrich Pestalozzi a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan ranar 12 ga Janairu, 1746. Yana ɗan shekara biyar mahaifinsa ya rasu, ya taso a hannun mahaifiyarsa cikin ƙuncin rayuwa. Wannan maraici, da halin da ya ga 'ya'yan manoma suna ciki a ƙauyen kakansa, su suka dasa masa tausayin yaran talakawa har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar 1769 ya auri Anna Schulthess, ya kama noma a gonar da ya raɗa wa suna Neuhof. Da noman ya ƙi albarka, sai ya tara yara marasa galihu a gonar, yana koya musu kaɗi da saƙa tare da karatu. Zuwa 1780 bashi ya durƙusar da wannan yunƙuri. Daga nan ya koma rubutu, kuma littafinsa na ƙagaggen labari, Lienhard und Gertrud, wanda ya fito a 1781, ya sa sunansa ya bazu a Turai.

Sai da ya haura shekara hamsin sannan ya zama malamin aji sosai. Bayan sojojin Faransa sun afka wa yankin Nidwalden a 1798, gwamnati ta tura shi garin Stans ya kula da marayu, waɗanda suka kai kusan 80. A watan Yunin 1799 aka karɓe ginin, aka mai da shi asibitin soja, shi kuwa ya wuce garin Burgdorf.

A Burgdorf ne hanyar koyarwarsa ta kankama. Makarantun zamanin sun dogara ga hadda: yaro ya rera jimlar da bai san ma'anarta ba. Pestalozzi ya tsaya a kan cewa gani da taɓawa su ne tushen sani, kuma abubuwa uku yaro yake buƙatar ganewa game da kowane abu: yawansa, siffarsa da sunansa. Ya bayyana haka a littafin da ya wallafa a 1801 kan yadda uwa za ta koyar da 'ya'yanta.

A darasin siffofi, yara suna farawa ne da zana layi a allon dutse: kwantacce, tsayayye da karkatacce. Sai su haɗa layi biyu su samu kusurwa, su bambance madaidaiciya irin ta lungun ɗaki da tsukakkiya da buɗaɗɗiya. Bayan nan ake shiga murabba'i, wanda ya ɗauka a matsayin ma'aunin sauran siffofi, ana rarraba shi gida-gida, kafin a kai ga da'ira. Yaron da ya bi wannan mataki zai gane da kansa cewa murabba'i da siffar ƙofa duk kusurwa huɗu madaidaita gare su, tsawon gefuna ne ya raba su. Sunan siffa yana zuwa ne bayan ido da hannu sun san ta.

Hanyar ba ta tsira daga suka ba. Masanin falsafa Johann Herbart, wanda ya ziyarce shi, ya fifita alwatika a kan murabba'i a matsayin mafari. Wasu kuma sun lura cewa yawan maimaita jimloli da murya ɗaya a ajinsa ya so ya koma haddar da yake yaƙa.

Daga 1805 ya shugabanci makaranta a fadar Yverdon, inda gwamnatin Prussia ta riƙa turo matasan malamai su koyi aiki. Friedrich Fröbel, wanda daga baya ya kafa makarantar renon yara, ya zauna a can daga 1808 zuwa 1810. Sai dai Pestalozzi bai iya riƙon kuɗi da shugabanci ba. Rikici tsakanin mataimakansa, Joseph Schmid da Johannes Niederer, ya raba kan malamai, har aka rufe makarantar a 1825.

Ya koma Neuhof, ya kuma rasu a garin Brugg ranar 17 ga Fabrairu, 1827, yana da shekara 81. An binne shi kusa da makarantar ƙauyen Birr. Tsarin da ya assasa, na a nuna wa yaro abu ya zana shi kafin a ba shi ma'anarsa, ya shiga kwalejojin horar da malamai na Jamus, Ingila da Amurka, kuma da shi ake buɗe darasin siffofi a azuzuwan firamare har yau.