Kantu, ma'aunin ƴan kokowar Maraɗi

Duk shekara, da zarar jihar Maraɗi ta fidda ƴan kokowa goma da za su nemo mata takobin ƙasa, sai gardama ta kaure a fadojin shayi, daga birni har Tibiri da Jiratawa: don me aka ɗauki wane, aka bar wane? Wanda ake auna su da shi kuwa ya daɗe da kwanta dama. Shi ne Yakuba Ango, da aka fi sani da Kantu.

Kantu ne ya lashe gasar kokowar gargajiya ta ƙasa karo na farko, wadda aka yi a Tawa a 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. Tsararrakinsa ba kanwar lasa ba ne, akwai Kadade na Tawa da Salma Ɗan Rani na Doso, kuma har yau dattawa ba su gaji da labarin gabarsa da Kadade ba.

Yawancin matasan da ke kafa hujja da shi ba su taɓa ganinsa a fili ba, labari suka gada. Amma babban filin kokowar Maraɗi sunansa aka sa masa, kuma a cikinsa ne ƴan baya ke fafutukar shiga sahun goman nan.